RUGAR BUBAYARO: Abin Da Kaka Joda Ta Faɗa Da Fillanci

Shafi na 23

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu biyo ni ta bayan fage suna tambaya ko Rugar Bubayaro tana nan da gaske, babu ita. Ni na ƙirƙire ta, ita da mutanenta, kada wata ta ɗauki labarina ta je tana nuna gidan wani da baki. Wadda kuma za ta tura shafin nan wani guruf, ta tura shi duka ko ta bar shi. Na ga sharhin masu cewa Sharifa ta cika taurin kai. To ku karanta.

*

"Zauna, Malama Sharifa."

Ba ta zauna ba. Daga tsakiyar darasi aka kira ta, ko allin hannunta ba ta ajiye ba.

Mallam Shehu, shugaban makarantar, ya tashi da kansa ya tura ƙofar ofis ya rufe. Shekara shida tana koyar da tarihi a ƙarƙashinsa, ba ta taɓa ganin ya rufe ƙofar nan da mace a ciki ba.

"Kin hau Fesbuk yau?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tun takwas ina aji."

"To gari ya riga ki."

Ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya juyo da ita, ya danna.

Shafin Idon Gari ne. Fuskar da ta fito kuwa ta Kaka Joda ce, kakar ɗalibarta Asta, zaune a kan tabarma a tsakar gidansu na unguwar Yerimaram. Da Hausarta mai nauyin Fillanci take cewa:

"Babu wanda aka kashe. Ciwo ne. Amai da gudawa ne ya kwashe su."

Aka maimaita wurin har sau uku.

Sai wata murya ta namiji ta shigo, an canza ta, ta yi kauri kamar daga cikin randa ake magana.

"Jama'ar Potiskum, kun ji daga bakin tsohuwar da kanta. Babu wani kisa da aka yi a Rugar Bubayaro. Annoba ce, annoba kuwa daga Allah take. Amma akwai wata malama da ƙungiyoyin waje suka saya, tana shiga aji tana cusa wa 'ya'yanku gaba, so take manomi da makiyayi su ɗauki makami. Ga ta nan. Ku gane ta."

Hotonta ya cika wayar. An zagaye fuskarta da jan layi.

Allin ya karye a hannunta.

"Ba haka ta faɗa ba."

"Mutum dubu huɗu sun tura shi kafin ƙarfe goma sha ɗaya," in ji Mallam Shehu.

"Ranka ya daɗe, ba haka ta faɗa ba. Cewa ta yi, 'Bayan kwana biyu wasu masu manyan riguna suka zo suka ce, in an tambaye ku ku ce babu wanda aka kashe, ciwo ne, amai da gudawa ne ya kwashe su. Ni kuwa da hannuna na tattara 'ya'yana uku, ban taɓa ganin amai da gudawa mai huda ƙirji ba.' Haka ta ce. An yanke gaba an yanke baya."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na san tsohuwa ba za ta zauna a gaban jikarta ta ƙaryata gawar 'ya'yanta ba. Amma sanina ba zai hana a cinna wa makarantar nan wuta ba."

Sharifa ta jawo kujera ta zauna.

Wata biyu ke nan da fara wannan abin. Darasin kisan ƙare dangi na Ruwanda ta yi wa 'yan aji biyar, wani yaro ya ce ya gani a Tiktok duk ƙarya ce, fim aka shirya. Kafin ta ba shi amsa, Asta, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ta ce, "Malama, ba sai an je Ruwanda ba." Bayan sati ɗaya ta kawo mata bidiyon kakarta na minti arba'in, a kan mutum saba'in da huɗu da aka kashe da safiya ɗaya a rugarsu, can gaba da Danchuwa, shekara goma sha biyu da suka wuce. Shekarun da gari ya rikice ne, kowace gawa aka gani sai a ce 'yan daji ne, babu mai ƙara tambaya.

Mallam Shehu ya cire tabarau yana murza idonsa.

"Na faɗa miki tun farko. Ki koya musu Kanem-Borno, ki koya musu zuwan Turawa. Matattun da suka shekara ɗari biyar ba su da 'yan'uwa masu kiran waya."

"An kira ka ne?"

"Iyaye goma sha bakwai. Uku sun ce za su cire 'ya'yansu. Waɗannan ba su dame ni ba." Ya rage murya. "Akwai ɗaya da lambarsa ba ta fito ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali da sunayensu. Sannan ya ce in tambaye ki wa da wa suka ga asalin bidiyon har ƙarshe."

Fanka tana juyawa, amma gumi ya jiƙa mata wuyan hijabi.

Ya turo mata takarda.

"Ranar Litinin a asambuli za ki karanta wannan. Layi huɗu ne. Kin yi kuskure, tsohuwar ta rikice, babu hujjar an yi kisa. Za mu ɗauka mu saka a shafin makaranta, ƙura ta lafa."

"Asta tana cikin layin asambulin nan, ranka ya daɗe. A gabanta zan ce uwarta da ubanta zawo ne ya kashe su?"

"Asta ba ta zo makaranta ba yau."

Ta ɗago.

"Na aika a duba," ya ce. "Kujerarta babu kowa. Malama, ki yi tunani da kyau. Yarinyar ta ce min ta goge nata tun ranar da ta tura miki, kakar ce ta hana a bar shi a gidan. A aji kuma minti goma kawai kika kunna musu daga wayarki. To wa kika ba?"

"Babu kowa."

Da ƙarfi ta faɗa. Sai da maganar ta fita sannan ta tuna.

Akwai mutum ɗaya.

Ta miƙe, ta bar takardar a inda take.

"Malama Sharifa."

"Zan dawo, ranka ya daɗe."

*

A cikin keke napep ta samu mata biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Tun kafin ta gama zama ta ji muryar Kaka Joda. Babu wanda aka kashe. Ciwo ne.

"Dama ni ban taɓa yarda ba," in ji mai keken, yana kallon hanya. "Mutum saba'in? A ce ko a rediyo ba a faɗa ba? Neman tallafi ne kawai."

Ɗaya matar ta ce, "Wai malamar 'yar unguwar Dogo Nini ce."

"Allah ya tona mata asiri," in ji ɗayar. "Muna zaune lafiya za ta tono mana abin da aka binne."

"In dai ba a yi ba, me aka binne?"

Ba ta san ta yi maganar a fili ba sai da duk suka juyo. Matar da ke riƙe da wayar ta dubi hoton, ta dubi Sharifa, ta sake duban hoton.

Sharifa ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta.

"Sauke ni a nan."

Da ƙafa ta ƙarasa gidan mahaifinta.

*

Gidan shiru, matan sun tafi barka. Jiya Laraba aka ci kara, kasuwar shanu, don haka ta san yayanta Almustapha yana ɗakinsa na kusa da zaure yana hutawa. Dillalin shanu ne, shekara ashirin yana cikin Fulani, Fillancin bakinsa ko Bafillace sai ya tambaye shi rugarsu.

Ta yi sallama ta ɗaga labule. Yana kishingiɗe, waya a hannu. Yana ganinta ya kife ta a kan ƙirjinsa.

"Ke da rana tsaka? Ba ki da aji?"

"Yaya, sati biyu da suka wuce na turo maka bidiyo."

"Wane bidiyo?"

"Na tsohuwar Yerimaram. Minti goma na ƙarshe ta bar Hausa ta koma Fillanci, na ce ka fassara min. Me ka ce min?"

Ya tashi zaune a hankali.

"Na ce miki addu'o'i ne. Tana yi wa mamatanta addu'a."

"Ni da kai ne kawai muke da shi a duniya."

"To?"

"Yau yana Idon Gari, an yanka shi."

"Wayoyin yanzu ana shiga cikinsu. Ƙila taki aka shiga."

"Kalle ni ka faɗa."

Bai kalle ta ba. Ya ɗauki hularsa yana gyara mata kari.

"Sharifa, ni yayanki ne. Ki san irin muryar da za ki yi min magana da ita."

"Na sani. Shi ya sa na fara zuwa nan." Ta fito da wayarta, ta nemo bidiyon, ta ja shi zuwa minti na talatin. "Ka fassara min kalma bayan kalma. In ka ƙi, yanzu zan fita bakin titi in tare Bafillacen farko da na gani in kunna masa."

"Ba za ki yi ba."

Ta juya ta kama labule.

"Dawo."

Muryarsa ta canza. Ya tashi ya leƙa tsakar gida, ya dubi ƙofar ɗakin Baba da ke jikin nasa, sannan ya saki labulen.

"Rage ƙarar. Baba yana ƙailula."

Ta danna. Muryar tsohuwar ta fito ƙasa-ƙasa, ba kuka, ba gaggawa. Sharifa ta tsayar.

"Me ta ce?"

"Ta ce... da hantsi suka zo. A babbar motar ɗaukar shanu, mai shuɗin kai."

Ta sake dannawa, ta tsayar.

"Ta ce da ta hango motar ba ta ji tsoro ba. Ta san ta. Ita ke zuwa kwasar shanun mijinta duk jajibirin kasuwa. Har ta ɗauko ƙwarya za ta kai wa direban nono."

"Ci gaba."

"Sharifa, ya isa haka."

"Ci gaba, Yaya."

Ta danna, ta tsayar.

"Ta ce mutanen suka diro daga baya, fuskokinsu a naɗe. Direban bai sauko ba. Suka tambaye shi wanne ne gidan Arɗo. Bai yi magana ba. Ya fito da hannu ta taga ya nuna."

Tsohuwar ta ci gaba da magana a cikin wayar. A tsakiyar Fillancin Sharifa ta tsinci kalma ɗaya da ta sani. Ta ji ta tun ranar farko, ba ta ɗauke ta a bakin komai ba.

Lawan.

"Lawan nawa ne a Potiskum?" ta ce. "Kowace unguwa akwai Lawan."

"Ta ce Lawan na Dogo Nini. Ta ce hannun da ya fito ta taga na hagu ne, ɗan yatsansa na tsakiya guntu."

Wayar ta zame ta faɗi a kan katifa.

Ta san yatsan. Na Baba ne. Ƙofar bayan mota ce ta datse shi tun kafin a haife ta. Shi take kamawa tana yarinya in za su tsallaka titi, don shi kaɗai ne yake cika mata tafin hannu.

"Ƙarya ne."

"Haka ni ma na ce."

"Ta tsufa. Ta rikice. Shekara goma sha biyu..."

Sai ta ji abin da ke fita daga bakinta. Shi ne abin da ke cikin takardar Mallam Shehu.

Almustapha ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Kin gani? Minti ɗaya bai cika ba kin zama Idon Gari. Ni sati biyu ina ɗauke da shi ni kaɗai."

Ta zauna a ƙasa, bayanta jikin bango.

"A wace shekara Baba ya sayar da motarsa?" ya ce. "Aka ce mana idonsa ne. Mutumin da har yau yake karanta Alƙur'ani ba tabarau. Tun yaushe ya daina shan fura da nono? Ba ki taɓa tambayar kanki ba, malamar tarihi?"

"Asta..." ta ce. "Asta tana jin Fillanci."

"Yarenta ne. Ita ta riƙe wayar tana ɗauka. Ta san abin da kakarta ta faɗa, ta san 'yar wa ce ke, ta miƙo miki da hannunta."

Sharifa ta tuna ranar. Yarinyar ta tsaya a bakin ofishin malamai, ba ta tafi ba bayan ta gama turawa. Ta ce, "Malama, ki saurara har ƙarshe." Daga nan kullum tana kujerar gaba tana kallonta, tana jira.

"Kai ka yanka shi?"

"Ni na nuna inda za a yanka."

"Muryar fa?"

"Ba tawa ba ce. Shafin ma ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

Ya ci gaba da juya hularsa.

"Yaya, hotona yana yawo da jan layi. A keke wata ta gane ni. Na wa ne?"

"Ban san za su saka hotonki ba. Wallahi ba mu yi haka da su ba." Ya share goshinsa da hula. "Yaran Alhaji Abdulbaƙi ne."

Ta san sunan. Duk wanda ya bi hanyar Danchuwa ya ga gonarsa, shingen waya ya zagaye ta har ido ya gaji. A cikin shingen nan fadamar Rugar Bubayaro take.

"Wurinsa ka je?"

"Ina zan je? Ki tsaya ki ji. In maganar nan ta fita, sunan ubanmu ne. Wane Bafillace zai sake ba ni igiyar saniyarsa? Wa zai bi Baba salla? 'Ya'yanki da nawa da wane suna za a kira su a garin nan? Na ce a riga ta. In gari ya yarda tsohuwar ta ƙaryata kanta, duk abin da ta faɗa daga baya babu mai ji. Ba wanda za a taɓa. Ya yi min alkawari, ya ce maganarta kawai za a kashe."

"Wane ɓangare ka ba su?"

"Sun ce sai da cikakke za su iya aikin da kyau."

"Duka ka ba su?"

Ya gyaɗa kai.

"Bayan Baba, ta kira sunan wani?"

"Mutum huɗu. Ta ce ta gane su da murya, wani kuma rawaninsa ya kwance."

"Akwai Alhaji Abdulbaƙi a ciki?"

"Shi ta fara kira."

Sharifa ta dafa bango ta miƙe.

"Ka ɗauki shaidar tsohuwar da ta ga fuskarsa, da hoton tsakar gidanta, ka kai masa har falo."

"Jirgi ɗaya ya ɗauko mu da shi. Shi ma rufin asiri yake so."

"Kai rufin asiri kake so, Yaya. Shi so yake a rasa mai faɗa."

Daga bayan labule aka yi gyaran murya.

Duk suka juya ga ƙofa.

Sanda ta fara shigowa, sannan Baba. Malam Muhammadu Lawan, da farar jallabiyarsa ta ƙailula, ba hula. Bai dubi kowa ba. Ya nemi bakin gado ya zauna, ya ɗora hannayensa biyu a kan sandar.

"Bangon nan na ƙasa ne," ya ce. "Ni na gina shi. Babu abin da yake tarewa."

Almustapha ya durƙusa.

"Baba, tsohuwar ta rikice ne, muna..."

"Rufe min baki, Almustapha."

Ya juyo ga Sharifa. Ita kuwa ta kasa ɗauke ido daga hannunsa na hagu.

"Uwata," ya ce. Sunan da yake kiranta da shi ke nan, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Matar nan gaskiya ta faɗa."

"Baba, tilasta ka aka yi. Ka ce min bindiga aka sa maka."

"Da na so in ce haka. Shekara goma sha biyu ina gwada faɗin haka a raina, bai zauna ba."

Ya numfasa.

"Cewa aka yi leburori zan kai gona. Mutum goma sha tara. Sai da muka wuce Danchuwa tamfol ya yaye, na ga makaman da ke ƙasa ta madubi. Akwai mahaɗa a gaba, da na karya kan mota da mun dawo gari. Na ga mahaɗar. Na wuce ta."

Ya gyara riƙon sandar.

"Na ce a raina tsorata su za a yi su tashi daga fadamar. Da aka tambaye ni gidan Arɗo na nuna. Na taɓa cin tuwo a gidan Arɗon. Da aka fara, ban kashe injin ba, don kada in ji. Duk da haka na ji. Na jira suka gama, na dawo da su gari, na wanke motar da hannuna. Da yamma na je masallaci."

Hawaye suna zubo wa Sharifa, ba ta share ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Da farko tsoro. Daga baya na ga gari ya yarda ciwo ne, sai na riƙa jin sauƙi in na ji ana faɗa. Wata rana har ni ma na faɗa, a majalisa, aka gyaɗa kai." Ya dubi Almustapha. "Cikin goma sha taran nan, bakwai suna garin nan da ransu. Biyu sahu ɗaya muke tsayawa da su. Kai ka san su da fararen kaya da turare. Ni na ga abin da suka yi wa yaro mai rarrafe. Yaushe ka ba su bidiyon?"

"Ranar Asabar."

"Yau Alhamis." Baba ya runtse ido. "Sun daɗe ma."

"Ya yi min alkawari, Baba."

"Ni ma leburori aka ce min."

Ya buɗe ido ya dubi Sharifa.

"Kina da lambar gidan? Ki kira yanzu. Ki ce su bar Yerimaram, ko ina ne su tafi, kada su tsaya ɗaukar kaya."

Ta rarumo wayar daga kan katifa. Kafin ta nemo lambar, wayar ta fara ƙara a hannunta.

Asta.

Ta ɗaga, ta sa a amsa-kuwwa.

"Asta, kina ina? Me ya hana ki zuwa makaranta?"

"Ina gida, Malama. Tun safe mutane ke taruwa a ƙofarmu suna ɗaukar hoto, Kaka ta ce kada in fita." Muryar yarinyar a natse take. "Dama tambaya zan yi. Ta manta maganin hawan jininta. In kawo makaranta ne, ko za a dawo da ita kafin La'asar?"

"A dawo da wa?"

"Kaka mana. Mutanen da kika aiko sun tafi da ita."

Sharifa ta dubi Baba. Baba ya miƙe tsaye ba tare da sandar ba.

"Waɗanne mutane, Asta?"

"Su biyu, da farar mota mai baƙin gilashi. Sun ce ke kika turo su, za ta je makaranta ta yi magana a gaban malamai a wanke ki daga ƙaryar da aka yi miki. Da farko na ce kada ta je. Ita ta ce za ta je. Ta ce ke ba ruwanki da abin da babanki ya yi, ke ce kaɗai kika taɓa tambayarta abin da ya faru."

Almustapha ya dafe kansa da hannu biyu.

"Tun yaushe?" in ji Sharifa.

"Bayan Azahar kaɗan. Malama, lafiya? Ba ta iso ba?"

"Asta, ki saurare ni. Ni ban aiko kowa ba."



Ta cikin wayar suka ji ƙarar mota ta tsaya, aka kashe injin. Aka buɗe ƙofa ɗaya, aka buɗe ta biyu.

"Malama," Asta ta ce, yanzu da raɗa take magana. "Ga motar ta dawo. Ina hangen ta ta ramin ƙyaure."

"Kakarki tana ciki?"

"Babu ita."

"Ki sa sakata. Ki haura ta katangar baya, ki shiga gidan maƙwabta. Yanzu, Asta."

"Sakatar ta lalace tun..."

Aka ƙwanƙwasa ƙyaure sau uku, a hankali. Wata murya ta namiji ta yi sallama, cikin ladabi, har da jan ƙarshenta.

Baba ya matso da kunnensa kusa da wayar. Sharifa ta ga fuskarsa ta sauya.

"Na san muryar nan," ya ce.

Mutumin ya sake magana, yanzu kusa sosai, kamar ya riga ya shigo zaure.

"'Yan mata, fito mana. Malamarku ta ce ke ma a zo da ke."

Layin ya katse.